Littafin kanta da littafin waya: wanne ke shiga kai, wanne ne naka?

Malamar Aji Shida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi zauren nan. Wayata ce ta cika, na zauna zan rage kaya, sai na buɗe inda nake tara littattafai. Da na ƙirga, sun haura 600. Wasu ni na saya, wasu kyauta ake bayar da su, mafi yawa kuwa turo mini aka yi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina wanne na karanta daga farko har ƙarshe. Wallahi ban kai goma ba.

Na ɗaga kai na dubi kantar ɗakina. Littattafan da ke kanta ba su fi 80 ba, amma da wuya a zaro wanda ban gama ba, wasu har sau biyu ko uku. Akwai wanda bangonsa ya rabu na ɗinke da zare. Na san a wane gefen shafi wata magana take, na san shafin da ruwa ya ɗiga takardar ta kumbura.

Abin ya dame ni ne saboda yara nake koyarwa. Iyaye suna yawan tambayata ko su saya wa 'ya'yansu kwamfutar hannu a zuba musu littattafai, su huta da ɗaukar jaka. Ina so in ba su amsar da zan iya tsayawa a kanta. Ku taimake ni da abin da kuka sani da abin da kuka gani.

Ɗalibar Likitanci:
Wa alaikumus salam Malama. Ni dai ba zan yarda a ɗora wa littafin lantarki laifi ba. Littafinmu na ilimin sassan jiki shi kaɗai ya haura shafi 1,000, kuma irinsa biyar ko shida nake buƙata a zango guda. Yanzu duk suna cikin abin da bai fi littafin rubutu nauyi ba. In malami ya ambaci sunan wata jijiya muna tsaye a bakin gadon mara lafiya, kafin ya rufe baki na rubuta kalmar, na ga duk inda ta fito. Da fihirisa zan bi, sai mun bar ɗakin ban gano ba.

Mai Gyaran Waya:
Malama, kafin a yi nisa, a raba abubuwan da ake cakuɗawa. Karatu a waya daban, karatu a na'urar da aka ƙera don karatu kawai daban. Wayarki an gina ta ne don ta riƙa kiranki. Kina layi na uku saƙo ya faɗo daga sama, ki ce bari in leƙa, shi ke nan an tafi. Littattafanki 600 suna zaune ne a tsakiyar hayaniya.

Na'ura irin Kindle ko Kobo allonta ba irin na waya ba ne. Tawadar lantarki ce. A cikin allon akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da ɓarɓashi fari da baƙi, lantarki ne ke tura baƙin sama inda ake son harafi ya fito, sai ya tsaya cak. Ba ta cin batir wajen riƙe shafi sai an juya shi, shi ya sa caji ɗaya ke kai ta makonni. A tsakar rana ma tana karantuwa kamar takarda. Fasahar daga jami'ar MIT ta Amurka ta fito, Sony ya fara sa ta a na'urar karatu a Japan a 2004, Amazon ya fito da Kindle a 2007. Wanda bai taɓa riƙe irinta ba, kada ya yanke wa littafin lantarki hukunci da abin da waya ta yi masa.

Malamar Aji Shida:
Na gode ƙanena, wannan bambancin ban taɓa lura da shi ba. Amma ko na kashe data na zauna da PDF, sai in ga idona yana gudu a kan layuka. Ina kai ƙarshen shafi ba zan iya faɗin abin da aka ce a samansa ba.

Ma'aikacin Laburare:
Malama, abin da kike ji ba ke kaɗai ba ce, an ma auna shi. A 2018 wasu masu bincike daga Sifaniya da Isra'ila, Pablo Delgado da abokan aikinsa, suka tattara nazari 54 da aka yi tsakanin 2000 da 2017, wanda ya ƙunshi mutane sama da 170,000. Suka ga masu karatu a takarda sun fi fahimtar abin da suka karanta in rubutun na bayani ne, kamar littafin kimiyya ko na tarihi, musamman in an ƙayyade lokaci. A labarin hira kuwa ba su ga bambancin a zo a gani ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, an zaci da mutane sun saba da allo tazarar za ta rufe, sai aka ga da shekaru suna tafiya ƙaruwa ma take yi.

Akwai kuma gwajin Anne Mangen ta jami'ar Stavanger a ƙasar Nowe. Mutum 50 aka ba gajeren labari mai shafi 28, rabi a takarda rabi a Kindle. A yawancin tambayoyi sun yi kunnen doki. Amma da aka ce su jera abubuwa 14 da suka faru a labarin bi da bi, sai masu Kindle suka fi rikicewa. Lura, wannan a na'urar da ƙanenmu mai gyaran waya ya yaba ne, babu saƙon da ke faɗowa.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya, ai tazarar da suka samu ƙarama ce, kuma mutum 50 ba su da yawa. Kada a mayar da ita kamar wanda ya karanta a allo bai karanta komai ba.

Ma'aikacin Laburare:
Gaskiyarki, ƙarama ce, ban ce babba ba. Amma tana ta maimaituwa a nazari bayan nazari, kuma yaron da zai yi shekara goma sha biyu a makaranta, ƙaramin gibi kullum yana taruwa. Bari in tambaye ki tsakani da Allah: in jarrabawa ta matso, a ina kike bitar abin da ya fi miki wuya?

Ɗalibar Likitanci:
To, wannan kam ina bugo babin a takarda in bi shi da jan biro. Amma neman abu da sauri, har gobe allo ne.

Tsohon Mai Ɗab'i:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Shekara 34 na yi a maɗaba'a kafin in ajiye aiki, bari in sa baki.

'Yata Malama, abin da kika faɗa na sanin gefen shafi, ba banza ba ne. Mu da muke haɗa littafi, babban falle ɗaya muke buga wa shafi 16, takwas gaba takwas baya, a ninke shi sau uku, a tara da 'yan uwansa, a ɗinke, a datse baki. Daga ranar nan kowace kalma ta sami mazauni, ba za ta sake motsi ba har littafin ya tsufa. Farin filin da muke bari a gefe, wurin babban yatsa ne da wurin alƙalamin mai karatu. Kana karatu, hannun hagu yana ƙara nauyi, na dama yana raguwa, jikinka ya san inda kake a tafiyar ko ba ka dubi lamba ba. A allo kuwa ka ƙara girman harafi, duk layukan sun sauya wuri. Maganar da ka bari a ƙasa jiya, yau tana tsakiya. Ta ina ƙwaƙwalwa za ta kafa alama?

Sannan ga abin da ya fi damuna. Littattafan mahaifina suna wurina, da rubutun hannunsa a gefe. Wani wuri ya ja layi, wani wuri ya rubuta "a sake dubawa". In na buɗe, kamar muna zaune tare. Ku da kuka tara naku a na'ura, me 'ya'yanku za su buɗe?

Lauya Mai Son Karatu:
Baba ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Mutane da yawa ba su san cewa in ka danna "saya" a manyan shagunan littafin lantarki, ba littafi ka saya ba, izinin karantawa aka ba ka, da sharuɗɗa. Littafin takarda in ka biya ya zama naka: ka ara wa maƙwabci, ka sayar, ka ba da kyauta, a raba shi a gado. Na lantarki mai makulli, wato wanda aka kulle don kada a kwafa, yana ɗaure da asusunka.

Ba zato nake faɗa ba. A watan Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane ta intanet ya goge wasu littattafan George Orwell da suka riga suka saya, ciki har da littafinsa mai suna 1984, saboda wanda ya ɗora su a shagon ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin na lokacin, Jeff Bezos, ya fito ya ba da haƙuri, amma wani ɗalibin sakandare sai da ya kai ƙara, don bayanan da ya rubuta na aikin makaranta sun zama ba su nuni ga komai. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, daga watan Yuli littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa. Su ma an mayar da kuɗi. Amma ku yi tunanin mai shago ya shigo ɗakinka da dare ya kwashe littattafai daga kanta ya ajiye maka kuɗi a kan tebur. Wa zai yarda? Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka, ta fara aiki a farkon 2025, cewa mai sayar da kayan dijital ya bayyana wa mai saye cewa lasisi ne yake karɓa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Mai Gyaran Waya:
Barista, wannan laifin makulli ne, ba laifin littafin lantarki ba. Akwai masu sayar da EPUB (wata sigar fayil ta littafin lantarki) da PDF ba makulli. Ka sauke, ka kwafa a wuri uku, naka ne har abada.

Ma'aikacin Laburare:
"Har abada" ɗin nan ne nake tsoro, ƙanena. A Ingila akwai kundin ƙidayar filaye da dukiya da Sarki Wiliyam ya sa aka rubuta a 1086 a kan fata. Yana nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar, wanda ya iya Latin zai karanta shi yau. A 1986, don cikarsa shekara 900, BBC ta yi sabon irinsa na zamani, mutane wajen miliyan ɗaya suka sa hannu, yawancinsu 'yan makaranta, aka zuba a faifan leza. Kafin 2002 na'urorin da ke karanta faifan sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Lids da Mishigan suka yi aikin ceto. Na fata ya haura shekara 900, na faifai bai cika 20 ba ya fara neman agaji. Fayil ba ya rayuwa sai da mai yi masa hidima, yana kwafe shi daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa.

Mu ma a ɗakunan karatu muna ɗanɗana kuɗarmu. Littafin takarda in mun saya, muna ba da aronsa har ya yage, mu ɗinke mu ci gaba. Na lantarki kuwa, tun 2011 kamfanin buga littattafai na HarperCollins ya sa ƙa'idar cewa in an ari kwafi sau 26 izinin ya ƙare, sai laburare ya sake biya.

Mai Gyaran Waya:
To ai takarda ma tana ci da wuta, gara tana cin ta, ruwa yana lalata ta. A Janairun 2013 an ƙone ko an yi awon gaba da rubuce-rubucen hannu wajen 4,000 a cibiyar Ahmed Baba da ke Timbuktu. Sauran dubban ɗaruruwa sai a akwatunan ƙarfe aka fitar da su a ɓoye zuwa Bamako, wasu a mota wasu a kwalekwale. Wanda aka riga aka ɗauki hotonsa, ko asalin ya ƙone, maganar da ke ciki ba ta mutu ba.

Tsohon Mai Ɗab'i:
Wannan gaskiya ne ɗana, kuma ba kowace takarda ce takarda ba. Baibul ɗin da Gutenberg, wanda ya fara ɗab'i da inji a Turai, ya buga wajen 1455, kwafi 49 sun kawo yau, don takardar tsumma ce da fata. Daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda da ɓargon itace mai tsami a jikinsa. Ita ce kuke gani tana yin ja, in ka lanƙwasa kusurwa ta karye kamar busasshen ganye. Na buga littattafai da yawa a kan irinta saboda ita mai littafi zai iya biya, kuma na san ba za su kai jikoki ba.

Mai Karatu da Kunne:
Salamu alaikum. Na saurari duk abin da kuka rubuta, na ce saurara domin wayata ce ke karanta mini da murya. Na rasa ganina ina shekara 19.

Ina jin daɗin yadda Baba ya kwatanta nauyin littafi a hannu, na san shi, na taɓa riƙewa. Amma ina roƙonku in kuna auna takarda da allo ku tuna da mu. A wurina bugaggen littafi rufaffen ɗaki ne. Shekaru na yi sai na nemi wanda zai karanta mini, in jira ya gama aikinsa, in haƙura da saurinsa, in ji kunyar cewa ya maimaita. Akwai abin da mutum yake so ya karanta shi kaɗai, ba ya son ƙaninsa ya san yana karantawa. Rubutun makafi da Louis Braille ya fitar a 1829 alheri ne babba, amma littafi ɗaya matsakaici yakan zama kundi da yawa, kuma kaɗan ne ake mayarwa. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana cewa abin da ake fitarwa ta hanyar da za mu iya karantawa bai kai kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ba. Shi ya sa aka yi yarjejeniyar Marrakesh a 2013, ta fara aiki a 2016, don a halatta mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su amfana, a kuma tura su daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ranar da na fara karanta littafi ni kaɗai a waya, cikin dare, babu wanda na tasa, na tsayar inda nake so na koma baya sau uku, sai da na yi hawaye. Malama, ke kin tara 600 ba ki gama goma ba. Ni bara kaɗai na gama 31.

Abu ɗaya nake so ku sani. Ba kowane fayil ne littafi a wurina ba. In an ɗauki hoton shafuka aka haɗa aka kira shi PDF, manhajata ba ta ganin komai a ciki, shiru take yi. Sai rubutu na gaske.

Malamar Aji Shida:
Allahu akbar. Malam, ka sa na ji nauyin yadda na yi tambayar. Allah ya ƙara maka basira.

Tsohon Mai Ɗab'i:
Ɗana, maganarka ta sa zan faɗi abin da na ɓoye ɗazu. Shekara uku ke nan idona ya raunana. Littattafan mahaifina da na ambata, yanzu sai dai in shafa su in duba rubutun gefe da gilashin ƙara girma, layi biyu uku idona ya fara ruwa. Ƙananan haruffan da na yi rayuwata ina jerawa sun fi ƙarfina. Jikata ce ta kawo mini kwamfutar hannu ta ƙara girman rubutu har kalma shida ke cika layi. Da ita nake karatu kullum bayan asuba. Ban janye ko ɗaya daga abin da na faɗa a kan takarda ba, amma ba don allon nan ba da na daina karatu.

Malamin Larabci:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni abin da zan ƙara ɗan kaɗan ne. Masu nazarin littattafan Musulunci sun san Maktaba Shamila, dubban littattafai a manhaja ɗaya. Mas'alar da a da sai ka kwana uku kana sauke mujalladai, yanzu minti biyu ne. Amma ina gargaɗin ɗalibaina da abu biyu. Rubutun mutane ne suka sake bugawa da hannu, ana samun ɗigo ya faɗi ko layi ya tsallake, kuma a Larabci ɗigo ɗaya yana juya ma'ana, don haka kafin ka kafa hujja koma ga bugaggen. Na biyu ya fi muni: yaro ya rubuta kalma, na'ura ta jefa shi tsakiyar shafi, ya ɗauki layi biyu ya fita yana jayayya, bai san babin da maganar take ciki ba, bai san marubucin ya warware ta a shafi na gaba ba. Wanda ya bi littafi daga bango zuwa bango ba ya yin wannan kuskuren.

Marubuciya:
Ku yi haƙuri zan dawo da mu baya. Malama, kin ce mafi yawan littattafan "turo miki aka yi". Wa ya turo, kuma da izinin wa? Ba faɗa nake nema ba, amma abin yana ci mini rai. Littafina na biyu shekara biyu da rabi na yi ina rubuta shi, bayan yara sun yi barci. Bai yi wata ɗaya da fitowa ba wata ƙawata ta turo mini shi a waya, an ɗauki hoton kowane shafi har da inuwar yatsan wanda ya riƙe, tana taya ni murna wai ya yaɗu. Kwafin da na buga har yau suna cikin kwali. Littafin takarda in an ara, mutum ɗaya ne ke riƙe da shi a lokaci guda. Fayil kuwa mutum ɗaya ya saya, dubu su samu kafin magariba. In haka za a ci gaba, wa zai rubuta na uku?

Ɗalibi Mai Neman Digiri na Biyu:
Hajiya, ina jin zafinki, amma a dubi ɗaya ɓangaren. Littattafan da ake buƙata a fannina ba a kawo su inda nake, laburarenmu ba shi da bugun da ya wuce shekara goma sha biyar baya. In ban samu a waya ba, ba zan taɓa ganinsu ba. Hukumar UNESCO ta fitar da wani bincike a 2014 da ta yi a ƙasashe bakwai, ta tambayi mutane sama da 4,000 masu karatu a waya. Wajen kashi ɗaya cikin uku sun ce daga wayar suke karanta wa yara labari, kuma mata sun fi maza daɗewa suna karatun. Waɗannan ba kanta ce da su suka bari suka koma waya ba. Da babu gara ba daɗi.

Marubuciya:
Ƙanena, littafina ba a wata ƙasa mai nisa yake ba, kuma wanda ya ɗauki hotonsa bai tambaye ni ba. Rashin samu daban, ɗaukar guminka a raba daban.

Ɗalibi Mai Neman Digiri na Biyu:
Ban ce daidai ba ne. Cewa na yi yunwar karatu gaskiya ce.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a sassauta. Duka biyun kuna da magana. Tunatarwa kawai: ƙa'idarmu tana nan, ba a tura littafin da mai shi bai ba da izini ba.

Ma'aikacin Laburare:
Ƙanena ɗalibi, akwai hanyoyin halal da yawa ba a sani ba. Project Gutenberg, laburaren intanet, tun ranar 4 ga Yulin 1971 Michael Hart ya fara shi a jami'ar Ilinoi, yau yana da littattafai sama da 70,000 waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kyauta ga kowa. Akwai littattafan karatun jami'a da masu su suka sake su da kansu. Ka same ni ta akwatin sirri da sunan fanninka in nuna maka inda za ka duba.

Malama, ga maganar yara kuma. Suwidin tana cikin ƙasashen da suka fi kowa saurin shigar da allo aji. A 2023 gwamnatinsu ta ja birki, ta ware kuɗi don a mayar da bugaggun littattafai hannun ɗalibai, musamman ƙanana. Sannan a kula da dare. A wani gwaji da aka yi a Boston aka fitar a ƙarshen 2014, mutum 12 sun yi karatu a iPad awa huɗu kafin barci, dare biyar a jere, sai barci ya riƙa yi musu jinkirin kusan minti goma, sinadarin da ke kawo barci ya ragu, da safe kuma suka fi jin kasala fiye da lokacin da suka karanta takarda. Manya ne ma waɗannan.

Malamar Aji Shida:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan faɗa wa iyaye ranar taro. Yaron da yake koyon karatu a ba shi littafin da zai riƙe, ya ja layi, ya san gefen shafi, kuma kada a karɓe masa shi don an sayi na'ura. Amma akwai yarinya a ajina da take manna fuska a takarda kafin ta ga rubutu, kullum ina mayar da ita layin gaba ina ganin na gama nawa. Gobe zan kira mahaifiyarta, a fara kai ta a duba idon, sannan mu ga ko allo mai manyan haruffa zai taimake ta. Baba da Malam, ku kuka tuna mini da ita.

Hajiya marubuciya, na duba cikin 600 ɗin nan. Duk wanda na san ba da izini ya zo mini ba na goge shi yau. In naki yana ciki, ki yafe mini. Ki faɗa mini yadda zan sami na takarda.

Marubuciya:
Na yafe Malama, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Zan turo miki bayani ta sirri.

Mai Karatu da Kunne:
Hajiya, ni ma ina so in saya, amma kwafin da ke cikin kwalinki ba zai yi mini magana ba, wanda aka sata ma hoto ne. Ko za ki fitar da shi a rubutu na gaske?

Marubuciya:
Wallahi Malam ban taɓa tunanin wannan ba, tsoron sata ya sa na ƙi fitar da na lantarki sam. Wace siga ce ta fi maka sauƙi?

Mai Karatu da Kunne:
EPUB. A sa wa kowane babi kansa yadda zan iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan, in akwai hoto a rubuta layi ɗaya da ke faɗin abin da ke cikinsa.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya, in kina da asalin rubutun a kwamfuta, aikin yini ɗaya ne, zan taya ki. Abin da za mu kula da shi kawai haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, don in da tsohon salon rubutu aka buga su, a wata na'urar akwati-akwati suke fitowa. Ki turo babi ɗaya mu fara gwadawa, Malam ya saurara ya faɗa mana inda ya yi tuntuɓe.

Marubuciya:
To, bayan isha'i in sha Allahu zan turo babi na farko.